Amin Ɗin Da Muka Gada Daga Gidan Ibrahim

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi ta ikkilisiyarmu, kuma a tsawon wannan lokaci an yi mini tambayoyin da ba zan iya ƙirgawa ba, amma akwai guda ɗaya da ta tsaya mini a rai tun daminar bara. Muna cikin karatun sura ta 15 ta Littafin Farawa sai wani saurayi mai kaifin basira, wanda a lokacin yake shirin jarrabawar shiga jami'a, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a yi mini haƙuri, ina da tambaya. Mu Kirista ne, ba Yahudawa ba. Me ya sa za mu ƙare rabin shekara a kan tarihin mutanen da suka ƙi Almasihu, alhali ga Sabon Alkawari a hannunmu?" Na ce masa, "Ɗana, tambayarka tana da nauyi," sannan na ba shi amsar da ta zo bakina, cewa Tsohon Alkawari yana ɗauke da annabcin zuwan Yesu. Amsar gaskiya ce, amma na ga a fuskarsa ba ta ƙosar da shi ba, ni ma da na koma gida na tarar ba ta ƙosar da ni ba, domin idan amfanin littattafai 39 bai wuce a tsinto ayoyin annabci daga cikinsu ba, ai shafi goma ma ya isa.

Na yi watanni ina bin wannan magana, ina karatu, ina kuma tambayar dattawan da suka fi ni sani. Inda na tsaya shi ne tambayar yaron nan da tambayar mece ce bangaskiya duk tambaya ɗaya ce. Kirista ba zai iya faɗin abin da yake nufi da cewa ya ba da gaskiya ba sai ya koma gidan da kalmar ta girma, wato gidan Ibrahim da Musa da annabawa, gidan da Yesu kansa ya tashi a cikinsa.

Kalmar da muke da ita a Hausa mai kyau ce ƙwarai. Bangaskiya gininta ɗaya da ban-girma da ban-kwana da ban-haƙuri, wato ka ba wani gaskiya, ka ce maganarsa haka take. Da ita muka tashi, ita muke ji a wa'azi da waƙoƙin sujada, ita ce kuma a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda cikakkiyar fassararsa ta farko ta fito a 1932 bayan aikin shekaru da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Sai dai kunne yana iya jin ta da rabin ma'ana, kamar yadda alƙali yake gaskata mai ba da shaida ya rubuta ya wuce, ba tare da ya ɗora ransa a kan abin da aka faɗa ba. Yakubu, mai wasiƙa a Sabon Alkawari, ya san wannan haɗari, shi ya sa a sura ta 2 ta wasiƙarsa ya ce wa mai taƙama da gaskata cewa Allah ɗaya ne, ai aljanu ma sun gaskata haka, har jikinsu yana rawa don tsoro.

A Ibrananci, harshen da aka rubuta kusan dukan Tsohon Alkawari da shi, kalmar ita ce emuna, kuma tushenta baƙaƙe uku ne, alif da mim da nun. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai tsaya, domin Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma ta hanyar Larabci wannan tushe ya daɗe da zama ɗan gari a bakinmu. Daga gare shi muka sami amana da aminci da amini da amintacce da imani da mumini, har da amin ɗin da Kirista da Musulmi da Bayahude suke rufe addu'a da shi. A wannan wuri mai karatu da Hausa ya fi mai karatu da Turanci sa'a, domin mu mun san nauyin a ce wane ya ci amana, mun kuma san abin da ake nufi idan aka ce wane amintacce ne, ana iya bar masa gida da dukiya a yi tafiyar shekara. Ma'anar tushen a Ibrananci ita ce abin da ya kafu, abin da za a jingina a jikinsa bai goce ba.

Misalin da ya fi buɗe mini ido yana cikin sura ta 17 ta Littafin Fitowa, inda Amalekawa suka fāɗa wa Isra'ilawa a Refidim. Joshuwa yana fagen fama, Musa kuwa yana kan tudu da sanda a hannu, kuma muddin hannuwansa suna sama mutanensa ne da rinjaye, da zarar ya sauke sai yaƙi ya juya. Da tsohon ya gaji, aka kawo masa dutse ya zauna, Haruna ya riƙe hannu ɗaya, Hur ya riƙe ɗayan, sai nassin ya ce hannuwansa suka zama emuna har fāɗuwar rana. Hannu ba ya da ra'ayi, ba ya kuma yarda da wata koyarwa, abin da ya yi kawai shi ne ya tsaya a inda ya kamata har aka gama. Na kuma lura cewa wannan tsayuwa ba ta mutum ɗaya ba ce, sai da mutum biyu suka tallafa, wanda hakan ya gaya mini dalilin da ya sa ba a yin bangaskiya a kaɗaice. Daga wannan tushe kuma aka ciro sunan mai reno. Da shi aka kira Na'omi a ƙarshen Littafin Rut lokacin da ta rungumi jaririn da zai zama kakan Dawuda, da shi kuma Musa ya yi kuka ga Allah a Littafin Ƙidaya, yana cewa shi ya haifi jama'ar nan da za a ce ya ɗauke su a ƙirji kamar mai reno da ɗan jinjiri? Duk wanda ya ga jariri yana sharar barci a goye a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ya saki dukan nauyinsa a bayan uwarsa, ya ga hoton wannan kalma da idonsa.

Annabi Ishaya ya yi wasa da tushen nan a wani lokaci mai tsanani. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila ta arewa suka haɗa kai za su ci Urushalima, zuciyar Sarki Ahaz da ta mutanensa ta kaɗa kamar itatuwan jeji a gaban iska. Annabin ya same shi a bakin magudanar ruwan birni, ya ce masa ya natsu, ya rufe maganarsa da cewa im lo ta'aminu ki lo te'amenu. Masu fassara a harsuna da yawa sun sha wahalar riƙe wannan karin, amma Hausa tana iya kusantarsa idan muka ce, in ba ku amince ba, ba za ku zauna cikin aminci ba. Ahaz bai musanta samuwar Allah ba, yana ma da Haikali a bayan gidansa. Abin da ya yi shi ne ya kwashe azurfa da zinariyar Haikalin ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya, yana ce masa ni bawanka ne, ɗanka ne kuma, ka zo ka cece ni. A ma'aunin annabawa wannan shi ne rashin bangaskiya, wato mutum ya ɗauke nauyinsa daga kan Allah ya ɗora a wani wuri ranar da abu ya yi zafi.

Da wannan fahimta na koma ayar da muke karantawa ranar da yaron ya yi tambaya. Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75 bisa alkawarin zuriya da ƙasa, shekaru suka yi ta wucewa babu ɗa, har ya ce wa Allah baran gidansa ne zai gāje shi. Allah ya fito da shi waje cikin dare ya ce ya dubi taurari ya ƙirga in zai iya, sai aya ta 6 ta ce ya ba da gaskiya ga Ubangiji, aka kuwa lasafta masa wannan adalci ne. Aikatau ɗin da ke wurin, he'emin, daga tushen nan yake, har mutum zai iya cewa Ibrahim ya ce wa Allah amin, ya kuma zauna a kan amin ɗinsa. Sai da ya cika shekara 100 aka haifi Ishaku, jira na shekara 25, kuma Littafin bai ɓoye abin da ya faru a tsakani ba. Ayoyi biyu kacal bayan an yabi bangaskiyarsa ya tambayi Allah ta yaya zai san zai mallaki ƙasar. A sura ta 17 ya fāɗi rubda ciki ya yi dariya da ya ji tsohuwa mai shekara 90 za ta haihu. A sura ta 18 kuma ya tsaya yana ciniki da Allah a kan Saduma, daga masu adalci 50 har ya sauko 10. Wannan mutum ne wasiƙar Yakubu ta kira aminin Allah, kuma har yau sunan garin Hebron, inda kabarinsa yake, a bakin Larabawa shi ne al-Khalil, wato aminin.

Wannan gādo ne da nake ganin muna gab da zubarwa. Bangaskiyar da Yahudawa suka rubuta mana tana da wurin tambaya da kuka da gardama, har sunan Isra'ila ma an raɗa wa Yakubu jikan Ibrahim ne bayan ya kwana yana kokawa a bakin rafin Yabbok. Zabura cike take da "har yaushe, ya Ubangiji", Ayuba kuwa ya yi ta neman a ba shi dama ya kai ƙararsa gaban Allah, a ƙarshe kuma abokansa masu kāre Allah da baki aka tsawata wa. Ina jin zafi a raina idan na ji an ce wa marar lafiya da ya daɗe a kwance bangaskiyarsa ce ta gaza, ko aka ce wa matar da ba ta sami haihuwa ba da ta gaskata sosai da tuni ta goya, kamar dai bangaskiya wani kuɗi ne da ake biyan Allah ya ba da kaya. Sura ta 11 ta Ibraniyawa, wadda muke so mu fara da ayarta ta farko a kan tabbacin abin da muke sa zuciya a kai, jerin sunaye ce daga Tsohon Alkawari tun daga Habila, kuma ita da kanta ta ce waɗannan duka sun mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, sai dai sun hango shi daga nesa. Ta ambaci waɗanda suka rufe bakin zakoki, ta kuma ambaci waɗanda aka jajjefe da waɗanda suka yi yawo cikin fatun awaki, ba ta ce na farkon sun fi na biyun bangaskiya ba.

Ayar da ta zama ginshiƙin koyarwar Manzo Bulus ma daga bakin wani annabi Bayahude mai kuka ta fito. Habakkuk ya rayu wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da Kaldiyawa, wato mutanen Babila, suke tasowa, 'yan shekaru kafin su rushe Urushalima a 586. Ya tambayi Allah don me yake kallon zalunci ya yi shiru, ya hau hasumiya yana jiran amsa, amsar kuwa ita ce mai adalci zai rayu ta wurin emuna tasa. Sabon Alkawari ya ɗauko wannan aya sau uku, a Romawa 1:17 da Galatiyawa 3:11 da Ibraniyawa 10:38. Abin da ban sani ba sai a wannan bincike shi ne malaman Yahudawa ma a nan suka ɗora yatsa. A cikin Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, an ruwaito wani malami mai suna Simlai yana cewa dokoki 613 aka ba Musa, Dawuda ya tattara su zuwa 11, Ishaya zuwa 6, Mika zuwa 3, kuma zancen ya ƙare da cewa Habakkuk ya tsayar da su a kan guda ɗaya, wato wannan aya. Haka nan a cikin naɗaɗɗun littattafan farko da makiyaya suka tsinta a kogon Ƙumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, akwai sharhin Littafin Habakkuk da wata jama'ar Yahudawa ta rubuta kafin zamanin Bulus. Ashe manzon bai ƙirƙiro sabuwar magana daga iska ba, ya shiga muhawarar da mutanensa suka daɗe suna yi ne, ya kawo amsar da ya samu a hanyar Dimashƙu, inda Yesu ya bayyana gare shi.

Shi kansa Ubangijinmu, duk wanda ya karanta Bishara da ido buɗe zai ga Bayahude ne daga haihuwa har kabari. Sunansa Yeshuwa, gajeren sunan Joshuwa. An yi masa kaciya a rana ta takwas, iyayensa kuma suka kai hadayar tsuntsaye biyu a Haikali, wadda Littafin Firistoci ya yarje wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Yana ɗan shekara 12 aka same shi a tsakiyar malamai bayan Idin Ƙetarewa, Luka kuma ya ce shiga majami'a ranar Asabar al'adarsa ce, a can ne ma a Nazarat aka miƙa masa littafin Ishaya ya karanta. Gezar rigarsa da matar nan mai zubar jini na shekara 12 ta taɓa ita ce tuntun da Littafin Ƙidaya ya umarci Isra'ilawa su sa a kusurwoyin tufafinsu don tunawa da dokoki. Da aka tambaye shi doka mafi girma, ya fara da kalmomin da Bayahude mai ibada yake karantawa safe da yamma har yau, ji ya Isra'ila, Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne, ya haɗa da ƙaunar maƙwabci daga Littafin Firistoci. Gardamarsa da Farisiyawa, wadda muke karantawa kamar yaƙin addinai biyu, rigimar cikin gida ce a kan yadda za a bi Attaura, kuma Luka ya rubuta cewa waɗansu Farisiyawa ne suka zo suka gargaɗe shi Hirudus yana neman ransa. Jibin Ubangiji da muke ci a teburin Idin Ƙetarewa aka kafa shi. A kan gicciye kuwa Zabura ta 22 da ta 31 ne a bakinsa.

Akwai kuma wata ɗabi'ar maganarsa da fassara ta lulluɓe mana. Inda muke karanta "hakika ina gaya muku", abin da marubutan Bishara suka bari a cikin Helenanci shi ne kalmar Ibrananci amin, a Bisharar Yahaya ma ninka ta yake yi, amin amin, har sau 25. A al'adar Isra'ila jama'a ne suke amsa amin bayan an gama magana, kamar yadda aka umarce su su yi sau 12 a sura ta 27 ta Maimaitawar Shari'a, amma Yesu a farkon magana yake sa ta, da ikon kansa. A nan ne bangaskiyar Kirista ta ɗauki kamanninta na musamman. Mun gaskata cewa amincin Allah, wanda Ibrahim ya jingina a kai cikin duhu, ya zama mutum ya zauna a cikinmu, ya mutu ya tashi. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa dukan alkawaran Allah a cikinsa suke samun i, ta wurinsa kuma muke cewa amin, Wahayin Yahaya kuwa ya kira shi Amin ɗin da kansa, amintaccen mashaidi. Ba da gaskiya gare shi shi ne mutum ya saki nauyin zunubinsa da tsoronsa da mutuwarsa a kansa, sannan ya riƙe amanar wannan dangantaka a cikin aikinsa na yau da kullum, abin da ya sa ban ƙara ganin sāɓani tsakanin Bulus da Yakubu ba, tunda emuna ɗaya ta ƙunshi dogara da riƙon amana.

Ikkilisiyar farko duk Yahudawa ce. Manzanni suna zuwa Haikali a lokutan addu'a, Fentikos kuwa idin Yahudawa ne na kwana 50 bayan Idin Ƙetarewa. Tambayar da ta tayar da ƙura a taron Urushalima wajen shekara ta 49, wanda sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta ba da labarinsa, kishiyar tambayar ɗalibina ce, domin su abin da suke tambaya shi ne ko mutumin da ba Bayahude ba, irina da irinsa, zai iya shiga ba tare da kaciya da ɗaukar dukan Shari'ar Musa ba. Suka buɗe mana ƙofa, suka ce mu guji ƙazantar gumaka da fasikanci da naman abin da aka maƙure da jini. Mu ne baƙin da aka yi wa shimfiɗa.

Ba a yi shekara goma ba Bulus ya ga alamar baƙin sun fara ɗaga kai, sai ya rubuta wa ikkilisiyar Roma misalin itacen zaitun a sura ta 11. Mahaifina manomin lambu ne, tun ina yaro na ga yadda yake yi wa mangwaro aure, ya yanko reshen iri mai kyau ya tsaga jikin ɗan itacen gida mai zare ya saka, ya ɗaure tam har su kama. Kullum reshen ne mai daraja, gindin kuwa na gama-gari. Bulus ya juya abin, ya kuma faɗa da bakinsa cewa sāɓanin yadda aka saba ne, reshen zaitun na jeji aka ɗaura wa gindi mai kyau, reshen nan kuwa mu ne. Ya ce kada ka yi wa rassan fahariya, ka tuna ba kai kake ɗauke da saiwar ba, saiwar ce take ɗauke da kai. Ya ƙara da cewa baiwar Allah da kiransa ba a janye su. Na taɓa ganin abin da yake faruwa idan gindi ya ruɓe a lambun mahaifina, reshen yakan yi kwanaki da ganyensa kore shar kamar babu abin da ya faru, sannan ya bushe.

An gwada sare gindin. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, suka murƙushe tawayen Yahudawa da Bar Kokba ya jagoranta a 135, hanyoyin majami'a da ikkilisiya suka yi ta nisa da juna. A wannan zamani wani attajiri mai jiragen ruwa daga Sinofe a bakin Baƙin Teku, mai suna Markiyon, ya zo Roma yana koyar da cewa Allahn Tsohon Alkawari daban yake da Uban Yesu, ya yar da littattafan Yahudawa gaba ɗaya, ya riƙe Bisharar Luka da ya yi wa yankan-yankan da wasiƙun Bulus goma. Ikkilisiyar Roma ta kore shi wajen shekara ta 144. Hukuncin daidai ne, amma ƙin Markiyon a takarda bai hana raini ya zauna a zuciya ba, kuma dole Kirista mai gaskiya ya faɗi abin da ya biyo baya. Yahaya Kirisostom, ɗaya daga cikin manyan malaman ikkilisiya, ya yi wa'azozi masu zafi a kan Yahudawa a Antakiya a 386 da 387. Mayaƙan gicciye sun karkashe Yahudawan Worms da Mainz a ƙasar Jamus ta yau a 1096. Majalisar Lateran ta 1215, taron shugabannin ikkilisiya a Roma, ta ce su sa tufafin da zai bambanta su, Ingila ta kore su a 1290, Sifen a 1492. Martin Luther, wanda ayar Habakkuk ta buɗe wa ido a cikin wasiƙar Romawa, shi ne a 1543 ya rubuta cewa a ƙone majami'unsu. Aƙidar 'yan Nazi ta ƙabilanci ce, amma da suka kashe Yahudawa miliyan shida a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a gonar da aka daɗe ana yi wa taki da irin wannan wa'azi suka yi shuka. Sai a ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron ikkilisiyar Katolika, ta bayyana cewa ba za a ɗora mutuwar Almasihu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ko na yau ba, a 1986 kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya shiga babbar majami'ar Roma ya kira su yayyenmu. Gicciye hukuncin Romawa ne, kuma sunan da muke ambata a shaidar bangaskiyarmu ranar Lahadi na Bilatus ne. Koyarwarmu ma cewa take yi zunubin dukanmu ne ya kai shi can. Saboda haka ina jin kunya idan na ji Kirista ya mai da kalmar Bayahude zagi, alhali uwar Ubangijinsa Bayahudiya ce.

Ba na so a ɗauki maganata fiye da inda ta tsaya. Yahudawa ba su yarda Yesu ne Almasihu ba, mu kuwa a kan wannan muka kafa rayuwarmu, kuma girmama juna bai buƙaci kowa ya ɓoye wannan bambanci ba. Komawa ga saiwa kuma ba ya nufin busa ƙahon rago a sujada, ko yafa mayafin addu'ar Yahudawa, ko saye kwalaben ruwan Urdun idan an je ziyarar Urushalima, domin taron manzanni ya riga ya sauke mana wannan kaya, kuma aron alamomin ibadar wasu ba tare da sanin ma'anarsu ba rashin ladabi ne a gare su. Haka kuma ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948 gwamnati ce kamar kowace gwamnati, ana auna ayyukanta da ma'aunin adalcin da Amos da Mika suka koya mana, kuma muna da 'yan'uwa Kirista Falasɗinawa a Baitalami da Nazarat da Gaza waɗanda ikkilisiyoyinsu suka girmi namu da ɗaruruwan shekaru, jininsu da na maƙwabtansu Musulmi yana da daraja a gaban Allah kamar na kowa.

Bayan girbi na koma wa ajin da wannan duka, a cikin Lahadi huɗu. Mun fara da hanyar Imuwasu a ƙarshen Bisharar Luka, inda Yesu bayan tashinsa ya bi almajirai biyu masu baƙin ciki ya fassara musu Littattafai tun daga Musa da dukan annabawa, na kuma tuna musu cewa a ranar nan ba a rubuta ko layi ɗaya na Sabon Alkawari ba. A Lahadi ta ƙarshe na ba saurayin nan ƙarshen Littafin Habakkuk ya karanta a tsaye, inda annabin yake cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko inabi da zaitun sun ƙi, ko gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare a turke, duk da haka zai yi murna da Allahn cetonsa. Yawancin yaran 'ya'yan manoma ne, sun san shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin bununi, don haka ajin ya yi tsit. Da ya rufe littafin sai ya ce, "Malam, to shi Habakkuk ya ga ceton da idonsa kuwa, ko ya mutu yana jira?" Na ce masa Littafin bai faɗa mana ba, amma Urushalima ta fāɗi kamar yadda aka nuna masa, kuma sai bayan kusan shekara 50 Sairus sarkin Farisa ya ba kamammu izinin komawa gida. Ya rubuta wani abu a bayan littafinsa, sannan ya roƙa a zangon da ke tafe mu karanta Irmiya, domin yana so ya ji abin da waɗanda suka ga rushewar birnin da idonsu suka ce wa Allah.